Me za ka saya idan intanet da hoton kwamfutar tebur suna yawan ɗaukewa?

Mutum yana tsaka da aiki sai allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ko uku, hoto ya dawo, sannan ya tarar intanet ma ta yanke. Da yawa daga masu shagunan buga takardu a Kano, da zarar haka ta faru sau uku, sai su nufi Farm Centre ko Sabon Gari neman sabuwar monita, alhali sau tari lafiyarta ƙalau. Kafin a fitar da ko sisi, a lura ko matsalolin biyu tare suke zuwa, domin amsar wannan ita ce za ta nuna abin da ya cancanci a saya.

Idan tare suke zuwa, musamman lokacin da firiji ko injin ruwa ya tashi, ko aka juya daga wutar gari zuwa janareta, to wuta ce sila. An tsara wutar ƙasar nan a kan bolt 230, amma ba kullum take isowa haka ba. A nan zaɓi biyu ne. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama, sai dai ba ta da batir, don haka wuta na ƙiftawa kwamfuta da rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, za su mutu. UPS kuwa, da yake yana da batir, yana riƙe su na 'yan mintuna, amma iri-iri ne: mai araha ba ya komai sai an ɗauke wuta ko ta yi ƙasa ko sama sosai, wanda aka rubuta AVR a jikinsa kuma yana daidaita wutar tun kafin ya koma kan batir. A ganina UPS mai AVR ne ya dace da mu. A sani cewa 650VA da ke jikin kwali ba wat 650 ba ne, yawanci bai kai 400 ba. Ya ishi kwamfutar ofis da monita da rauta, amma mai katin hoto babba ya nemi 1000VA zuwa sama. Kada a jona masa firinta mai leza, domin tana jan wuta da yawa lokacin da take ɗumama. Wanda zai sayi na hannu ya sa a ransa cewa zai canza batir, saboda zafin watan Afrilu ba ya barin irin wannan batir ya yi tsawon rai.

Idan hoto kaɗai ke ɗaukewa, a fara da kebul, wanda shi ne mafi araha. Na taɓa ganin wanda ya canza monita har biyu, ashe bakin kebul ɗin HDMI ne ya saki, ana taɓa tebur hoto ya tafi. Kebul na VGA tsohon yayi ne, hotonsa bai kai sauran kyau ba, amma yana da sukurori biyu da ke ɗaure shi. Galibin kebul na DisplayPort suna da ɗan maƙalli, kuma yawancin kwamfutocin HP da Dell na hannu da shi suke zuwa, don haka idan monita tana da wannan rami, shi ya fi. Abin da zan guje wa shi ne jera adafta kan adafta, musamman mai juya HDMI zuwa VGA, domin kowace mahaɗa wata ƙofar matsala ce. Kebul mai tsawon mita ɗaya da rabi ko biyu ya wadatar. Bayan hunturu kuma a buɗe akwatin kwamfutar, a kaɗe ƙura, a cire RAM da katin hoto a mayar da su daidai, wannan ba ya cin kuɗi.

Ta ɓangaren intanet, kwamfutar da ba ta motsi ba ta da dalilin dogaro da Wi-Fi matuƙar kebul zai isa rauta. Kebul ɗin intanet na Cat5e yana ɗaukar gudun gigabit har mita 100, saboda haka Cat6 ba dole ba ne a gida ko ƙaramin shago. Abin dubawa shi ne wayar ciki, domin akwai na alminiyam da aka shafe da jan ƙarfe, mai saurin karyewa. A ce wa mai shago ya kankare silin waya ɗaya a gabanka. Idan fari ya bayyana, a ajiye masa kayansa.

Inda jan kebul ba zai yiwu ba, ɗan ƙaramin adaftan Wi-Fi na USB mai kama da farce shi ne mafi rauni, yana zafi, kuma ramin USB 3.0 na iya dagula masa zangon Wi-Fi na 2.4GHz. Mai eriya ya fi shi, katin da ake sakawa cikin akwati ya fi duka biyun. Zangon 5GHz bai cika cunkoso ba, amma bangon bulo yana rage masa ƙarfi sosai. Windows ma tana kashe adafta don tsimin wuta, a cire alamar da ke ba ta wannan dama a Device Manager na Windows kafin a yanke masa hukunci.

Idan an yi duk wannan kwamfutar ba ta daina ba, saura akwatin wutar cikinta. Na ƙananan HP da Dell ba kowanne ke shiga ba, don haka a ɗauki tsohon zuwa kasuwa, kuma a yi magana da mai shago tun kafin biya cewa za a dawo da shi idan bai yi ba.