Saisaye, fed, afuro ko kwal-kwabo: wane aski ne zai karɓe ka?

Kusan kowane shagon aski, daga Kano har Maraɗi, yana da hoton nan a manne a bango: kawuna a jere, kowanne da salonsa. Mutum ya nuna ɗaya da yatsa ya ce "irin wannan za a yi mini", a gama a miƙo masa madubi ya ga wani abu dabam. Sau da yawa mai aski bai yi laifi ba. Wanda ke cikin hoton da nasa gashin ya zo, da tasa ƙeyar, da tasa fuskar. Ni a ganina ma ba da fuska ake fara zaɓe ba. Irin gashinka da lafiyar fatar kanka su ne na farko, fuska ta biyo baya, sannan ka tambayi aljihunka sau nawa zai kai ka shago a wata.

Kafin komai, ka san lambobin matajin da ake sa wa kilifa, domin da su za ka yi magana a gane ka. A kilifa irin ta Wahl, lamba 1 tana barin gashi kamar milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 milimita 10, lamba 4 kuma milimita 13. Gashin kai yana ƙaruwa da kusan santimita ɗaya a wata. Ke nan wanda aka yi wa lamba 1 yau, nan da mako huɗu ya kai tsawon lamba 4. Idan ka ce "a rage kaɗan" kawai, ka bar wa mai aski ya fassara, kuma kaɗan ɗinsa ba lallai ya zo ɗaya da naka ba.

Yawancinmu gashinmu mai ƙarfi ne, mai murɗewa. Irin wannan yana riƙe siffar da aka ba shi, shi ya sa layi yake fita tsaf a kansa, afuro kuma ya tsaya ba tare da an sha wahala ba. Matsalarsa reza. Idan aka kankare shi har ƙasa, bakin gashin yakan lanƙwaso ya koma cikin fata, sai ƙuraje su feso a wuya da ƙarƙashin haɓa. Wanda ya fi muni shi ne na ƙeya, waɗanda ke farawa ƙanana masu ƙaiƙayi, su yi tauri, su haɗe su zama tabo mai tudu da gashi ba ya sake tsirowa a kai. Duk wanda ya ga alamarsu ya hana reza zuwa wurin, kada a sauka ƙasa da lamba 1 ko 2, ya kuma je wurin likitan fata tun suna ƙanana. Wannan kaɗai ya isa ya cire kwal-kwabo da fed mai kankarewa daga lissafin mutane da yawa, komai kyan da za su yi musu.

Masu gashi mai laushi da santsi, irin wanda ake yawan gani a wasu Fulani da Buzaye da Shuwa, tasu damuwar dabam ce. Idan aka yi ƙasa da shi sosai, fatar kai takan bayyana, mutum ya zama kamar mai sanƙo alhali ba shi da shi. Lamba 3 ko 4 ta fi dacewa da su, saman kuma a bi shi da almakashi.

Saisaye, wato a daidaita kan duka da lamba ɗaya, shi ne askin da ya fi kowanne sauƙin zama da shi. Yana shiga ofis, yana shiga masallaci, yana shiga gidan surukai. Yana zama lafiya a ƙarƙashin hula, kuma ko ya yi mako uku bai fita hayyacinsa ba. Abin da zan ce a lura da shi ɗaya ne: ka gaya wa mai aski ya bi kwanciyar gashin ne ko ya saɓa mata. Idan ya bi, gashin yakan fi duhu da cika, kuma a kan haka ne samari ke fitar da igiyar nan da ake samu da yawan goga burushi. Idan ya saɓa, yakan fi gajarta da haske. Rauninsa shi ne ba ya gyara siffar fuska, yadda kake haka zai nuna ka.

Fed kuwa, inda gefe da ƙeya ke farawa ƙasa su yi ta ƙaruwa a hankali zuwa sama, shi ne mai gyara fuska. Mai zagayayyiyar fuska da cikar kumatu ya fi kowa cin ribarsa, domin rage gefe da barin tsawo a sama yana sa fuska ta yi kamar ta ƙara tsayi. Mai doguwar fuska kuma shi ne ya kamata ya yi hattara: a kankare masa gefe a tara masa gashi a sama, sai fuskar ta ƙara zuruwa. Shi gara ya bar gefen da ɗan kauri, saman ya yi ƙasa. Wanda goshinsa ke da faɗi haɓarsa siririya, kada a buɗe masa gefen goshi da yawa, gemu ya cike masa ƙasa. Mai faɗin muƙamuƙi kusan komai yana karɓarsa. Sai dai fed yana da tsada ta bayan fage. Kyansa na kwana 7 zuwa 10 ne, daga nan sai an koma, kuma yana son gwani. A hannun ɗan koyo, sai ka tashi da layi a gefen kai kamar an kifa maka kwano an zagaye.

Akwai kuma batun addini, wanda ba a tsallake shi a wurinmu. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana ƙaza'u, wato a aske wani sashe na kai a bar wani. Malamai sun yi bayani mabambanta a kan ko ragewar da ba ta kai ga kankarewa ba ta shiga ciki, amma askin da aka share gefe tas aka bar tuli a tsakiya kusan kowa yana ƙyamarsa, kuma an sha jin 'yan Hisbah a Kano sun aske wa samari irinsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya a saisaye, ko ya sa tazarar gefe da sama ta zama kaɗan, kamar lamba 1 da lamba 2.

Ƙaramin afuro yana kyau ga mai cikar gashi, yana kuma rufe ƙeya mai tsini ko kunnuwan da suka fito. Amma mai sa hula kullum ya haƙura da shi. Zanna bukar ko kufi na awa biyu ya isa ya danne shi ya bar masa zobe. Da hunturu kuma yana bushewa ya riƙa karyewa, sai an bi shi da ruwa kaɗan da man kaɗanya kafin a taje. Mai amosani zai fi shan wahala da shi.

Kwal-kwabo, askin wanzamai da na alhazai bayan kammala ibada, ba ya ɓoye komai: tabo, tudu, kwari, duk a fili. Yana karɓar mai daidaitaccen kai, musamman idan akwai gemu. Wanda sanƙo ya ci masa tsakiya ko gaba, wannan ko lamba 1 ya fi masa mutunci a kan tara gashin gefe, domin tsawon gefen ne ke ƙara tona filin da ke tsakiya. Baƙin fentin da wasu shaguna ke fesawa don cike gurbi kuwa, gumi da alwala sun ishe shi.

An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a nan ne aka fi yi wa mutane ɓarna. Wurin gyaran fuska, wasu masu aski sukan ci cikin goshi don layin ya miƙe. Yau kaɗan, wani mako kaɗan, kafin shekara goshinka ya ƙara faɗi, ga tsiron gashi yana fitowa a gaban layin bayan kwana uku. Ka ce masa a fili: "Malam, a bi layina na asali, kada a shiga ciki." Idan goshinka mai lanƙwasa ne, a bar shi da lanƙwasarsa.

Sauran magana ta kayan aiki ce. Reza sabuwa ce za a ɓare a gabanka, wannan ba abin jin kunya ba ne, domin ciwon hanta nau'in B yana bin jini, makero kuma yana bin mataji da kilifa, musamman a kan yara. Idan kana zuwa shago duk mako, ko kana da 'ya'ya maza biyu ko uku, sayen kilifarka ya fi araha a ƙarshe. Ka nemi mai caji saboda halin wutar lantarki, ka tabbata ta zo da mataji aƙalla daga lamba 1 zuwa 4, ka kunna ta a gaban mai shago ka gwada a gashin hannunka. Idan tana fizga maimakon yankewa, ko bakinta ya yi zafi nan da nan, ajiye ta ka duba wata.