Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Katsina da Daura: fenti a sama, ganga a ƙasa

Duk wanda ya ajiye tsohuwar mota a gida yana jiran ranar da zai tashe ta, ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa sisi. Akwai wani mutum da ke tallar kansa a Facebook da WhatsApp a matsayin fanal bita, wai shi gwanin tsofaffin motocin Turai ne, kuma yana da hanyar kawo ƙarafan bodi sababbi daga Faransa. Ba zan kama suna ba, magana tana hannun hukuma. Sunan da ya ba mu ma ba shi ya ba wasu ba.

Motar ta kawuna ce, Peugeot 504 buɗaɗɗiya, mai ƙofa biyu da rufin tamfol. Ba irin Fijon da aka yi ta haɗawa a Kaduna ba ce. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana bodinta, an ƙera irinta daga 1969 zuwa 1983, kuma tazarar tayar gaba da ta baya ta gaza ta Fijon da muka sani da santimita 19. Wato ƙarfen bodin wancan ba ya hawa wannan. Da mun san haka tun farko, da mun gane shi ranar da ya ce ko kayan Faransa sun makara, ai "504 duk 504 ce".

Mutane suna ganin ƙasarmu busasshiya ce, me zai kawo tsatsa? Motar daga Turai ta zo, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Sannan ta shekara da shekaru ƙarƙashin bedi, tamfol ya yage, ruwan damina yana kwana a ƙarƙashin kafet, ƙurar hunturu ta toshe 'yan hudojin da ruwa ke tsiyayewa. Ƙasan mota da ƙarfen dokin ƙofa duk sun cinye.

Mutumin ya zo da fararen kaya da kyakkyawan lafazi, "Alhaji" a nan, "ranka ya daɗe" a can. Ya nuna hotunan ƙarafa cikin kwali, ya karɓi kafin alƙalami. Bayan mako uku ya bugo, kaya sun maƙale a boda, a ƙaro na kwastan. Aka ƙara. Duk sanda na ce zan leƙa gareji sai ya ce yau ranar feshi ce, ƙura za ta ɓata aiki. Ni ma da laifina, hoton WhatsApp ya ishe ni.

Ranar da ya kawo ta, wallahi sai ka ce yau aka sauke ta daga jirgi. Ja wur, tana ɗaukar ido. Kawu ya zagaya ta sau biyu yana shafawa, ya cika masa kuɗinsa har da tukwici.

Mun kama hanyar Daura ɗaurin aure, mun wuce Mashi kaɗan, muka faɗa wani rami da bai kai ya kawo ba. Ƙofar ɓangaren kawu ta buɗe da kanta. Allah Ya sa ba gudu nake ba, kuma hannunsa yana riƙe da kujera. Da igiya muka ɗaure ƙofar muka juyo gida.

Wani dattijon mai gyaran bodi, wanda tun zamanin Fijo 404 yake sana'ar, shi ya tona asirin. Bai ma kunna mota ba. Ya ƙwanƙwasa dokin ƙofa da bayan yatsa, ƙarar ta fito a mace kamar an bugi bangon laka. Ya ciro maganaɗisun tsohuwar sifika ya manna, ya faɗo ƙasa. Ya sa sukundireba ya danna, ta shige. Abin da ya ɓalle fila ce, wato kwaɓin da ake shafawa a cike lotsawa kafin fenti, mai kaurin yatsa biyu, bayanta ragar waya da takardar buhun siminti a cuse. Da muka ɗaga kafet, ƙasan motar yankin gangar mai ne, shuɗin fentinta da rabin rubutun jikinta suna nan, an ɗiga masa walda nan da can a kan tsatsar da ko kankarewa ba a yi ba.

"Ɗana," in ji shi, "wannan ba gyara aka yi muku ba, likkafani aka yi wa ado."

Abin da ya koya mini a ranar shi ne dalilin wannan rubutu. Mota mai rufi kamar akwati take, rufin yana riƙe gaba da baya. Buɗaɗɗiya ba ta da wannan, ƙarfinta yana cikin dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi da kuma ƙasanta. Su ne ƙashin bayanta, kuma ba falle ɗaya ba ne, akwai na waje, akwai na ciki. Mai aikin gaskiya, kafin ya yanka, sai ya auna tazarar ƙofofi, ya gicciya ƙarafa a bakin kowace ƙofa ya yi musu walda su riƙe bodin, ya daidaita motar a kan shimfiɗaɗɗen wuri, sannan ya gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan. Shi wancan bai tokare komai ba, tsakiyar mota ta lotsa. Da ƙofa ta ƙi rufuwa sai ya goge bakinta da injin gurza ya shafe da fenti. Dattijon ya sa jak a bayan tayar gaba ya ɗaga kaɗan, muna kallo tazarar ƙofar tana buɗewa kamar bakin kifi.

Don haka in ya zo muku, ko wani irinsa, kada ku biya kuɗin ƙarfen da ba ku riƙe a hannu ba. Ku je da kanku bayan walda, kafin a shafa fila ko fenti, ku ga ɗinkin da idonku. Ku ce a ajiye muku ruɓaɓɓen da aka yanke. In kun shiga gareji kun ga buɗaɗɗiyar mota an yanke mata gefe babu tokari a bakin ƙofa, ku ɗauke taku ko da jan igiya ne.

Lambar da muke kiransa a kashe take, rumfar da yake aiki wani mai faci ne a ciki yanzu. Amma makon jiya wani abokina a Daura ya turo mini talla da sabon suna, ana neman masu tsofaffin Marsandi da Volkswagen buɗaɗɗu. Hoton da ke kan tallar motar kawuna ce, ja wur, ranar da aka kawo ta.