i7 na laftof ko i5 na kwamfutar tebur: wanne ya fi ƙarfi?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: an kawo masa kwamfutoci biyu na hannu, laftof HP EliteBook 8470p mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7-3520M da ta tebur Dell OptiPlex 7010 mai Core i5-3470, yana son wadda za ta fi masa aikin haɗa bidiyo. Mai sayarwa ya ce masa i7 kullum yana gaban i5.

Malam, a nan maganar mai sayarwa ba ta tsaya ba. Furosesocin biyu duk zubi na uku ne, wanda ake kira Ivy Bridge, kuma a 2012 Intel ta fitar da su. Amma i7-3520M ƙwayoyin aiki biyu kawai gare shi, kowace tana ɗaukar layin aiki biyu lokaci guda, shi ya sa Windows ke nuna huɗu. Shi kuwa i5-3470 ƙwayoyi huɗu ne na gaske. Wajen gudu, na laftof yana tashi daga 2.9GHz, na tebur daga 3.2GHz, kowanne yana iya kaiwa 3.6GHz. Kesh kuma, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, 4MB ne a na laftof, 6MB a na tebur. Don haka wajen fitar da bidiyo, inda ake ɗora wa duk ƙwayoyin nauyi lokaci guda, OptiPlex ɗin za ta riga ta gamawa da tazara mai kyau.

Sirrin yana wajen wuta da zafi. An ƙera na laftof a kan wat 35, na tebur a kan wat 77. Ƙaramar fanka da siririn bututun jan ƙarfe ne ke kwashe zafin laftof, kuma a na'urar da ta haura shekara goma, man da ke tsakanin furosesa da abin sanyayawa ya daɗe da bushewa, ƙura ta toshe raga. Da zafi ya doshi digiri 100, furosesan da kansa zai rage gudu don kada ya ƙone. Wannan 3.6 da ke rubuce ba zai daɗe a kanta ba sai an buɗe, an share, an sa sabon mai.

Ka riƙa duba harafin ƙarshen lambar. M ƙwaya biyu ce. QM, irin i7-3630QM, ƙwaya huɗu da layi takwas, wannan kam zai iya karawa da na tebur. U kuwa, irin i7-4600U, wat 15 ne, an yi shi don batir ya daɗe, kuma a manne yake da allo, ba ya ciruwa. Kafin ka biya, danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka shiga Performance, za ka ga cikakken suna da adadin ƙwayoyin.

Laftof ɗin ma tana da nata: sashenta na sarrafa hoto, HD 4000, ya fi HD 2500 na tebur, tana da batir idan an ɗauke wuta, kuma ba ta cinye inbata. Ita OptiPlex gobe za ka iya cire i5 ka sa i7-3770, tunda mazauninsu a kan allo iri ɗaya ne, LGA1155.

Ga haɗa bidiyo, ɗauki ta tebur, ka sa mata RAM 8GB ko 16GB na DDR3 da SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri. Sai dai ka sani babu ɗaya cikinsu da Microsoft ta amince wa Windows 11, ga shi an daina tallafa wa Windows 10 tun Oktoban 2025, don haka kada ka yarda a tsawwala maka farashi.