Kuɗin Cak Korona 90 a Asibitin Firag: Labarin Balaguron Makarantar 'Yata

A makarantun Jamus akwai al'adar fita da ɗalibai balaguro tare da malamansu, kuma idan yara suka kai aji 10, wato suna tsakanin shekara 15 da 16, sau da yawa akan tsallaka da su wata ƙasa. 'Yan ajin 'yata ta fari, a nan Hambug inda muke zaune, sun zaɓi su fara da Firag, babban birnin Jamhuriyar Cak, su wuce Biyana ta Ostiriya, daga can kuma su leƙa Biratislaba ta Sulobakiya, wadda tsakaninta da Biyana tafiyar sa'a guda ce a jirgin ƙasa. Mahaifiyarta ba ta so tafiyar ba, domin ba ta ga yadda budurwa za ta kwana a wani gari babu nata ko ɗaya a kusa ba. Abin da ya sassauta mana shi ne taron iyaye da malamar ajin ta kira, inda ta raba takarda mai ɗauke da sunan kowane masauki da lambar wayarsa, da bayanin cewa ɗakunan mata daban na maza daban, sannan ta sa kowane uba ko uwa ya rubuta abin da ɗansa ba ya ci, da maganin da yake sha, da wanda za a kira idan wani abu ya faru. A ƙarshe ta jaddada cewa duk yaron da ya zo tasha babu katinsa na inshorar lafiya, to a nan zai tsaya.

Jirgin ya bi da su ta Balin da Diresdin, ya shiga kwarin kogin Elbe, kuma yarinyar ta ce ba ta san sun bar Jamus ba sai da ta ga rubutun tashoshi ya sauya. Jamhuriyar Cak ta shiga yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, tun 2007, saboda haka koren fasfonta na Nijeriya da katin izinin zamanta sun wadatar, ba a buƙaci biza ba. Wayarta ma ta ci gaba da aiki a kan kuɗin da muke biya a gida, domin tun 2017 Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin kira ga wanda ya tsallaka daga wata ƙasarta zuwa wata. Wanda ya taɓa bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya san abin da ya sa nake ambaton wannan.

A Firag ne abin ya faru. Sun hau tudun fadar sarakunan birnin, suna saukowa ta matattakalar dutse da nufin su bi ta tsohuwar gadar birnin da aka aza harsashinta a 1357, sai yayyafi ya sauko, santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannun hagu. Kafin su isa gadar wuyan hannun ya kumbura ya yi suntum. Ina wurin aiki malamar ta kira ni, ta gaya mini abin da ya faru cikin natsuwa, ta ce suna kan hanyar asibiti. Tambayar farko da ta fito daga bakina, bayan na ji cewa yarinyar tana tsaye da ƙafafunta, ita ce nawa zan tura kuma ta wace hanya, domin haka ƙwaƙwalwar ɗan Nijeriya take aiki idan ya ji an ambaci asibiti. Malamar ta yi shiru na ɗan lokaci kamar ba ta gane tambayar ba, sannan ta ce babu abin da zan tura, katin yana cikin jakar yarinyar, abin da take buƙata a wurina shi ne in amince a ɗauki hoton ƙashin a kuma yi mata abin da likita ya ga ya dace.

Ga yadda yarinyar ta ba ni labarin sauran. Ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya ta amshi katin, ta juya bayansa inda yake shuɗi mai tambarin taurarin Turai, ta kwafe shi, ta miƙo wata takarda da aka sa hannu a kanta cewa yarinyar ba neman magani ne ya kawo ta ƙasar ba. Daga nan aka nuna wa malamar wata na'ura a jikin bango, ta zuba korona 90, wato kuɗin ƙasar Cak, na'urar ta tofo rasit. Wannan shi ne kuɗin da dokar ƙasar ta ɗora wa duk wanda ya je sashen gaggawa, ɗan ƙasa ne ko baƙo, kuma bai kai yuro 4 ba. An ɗauki hoton, likita ya nuna mata inda ƙashin ya tsage, ya yi mata bayani da Turanci, aka naɗe hannun da siminti daga tafin hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, aka ba ta faifai mai ɗauke da hoton da kuma wasiƙa zuwa ga likitan da zai duba ta a Jamus. Babu wanda ya ce a je a sayo safar hannu ko bandeji, babu wanda ya tambayi 'yar wane ce. Kada kuma a ɗauka gata aka yi mata. Ginin tsoho ne, kujerun jira masu tauri ne, ta daɗe a zaune kafin layi ya zo kanta, kuma ta ce duk tsawon zamanta babu ma'aikacin da ya ce mata sannu ko ya yi mata murmushi. Aikinsu kawai suka yi, suka sallame ta, suka kira na gaba.

Wannan lamari ba kyauta ba ne, kuma ba na son wani ya karanta ya ce Turawa suna raba magani sadaka. Kowane wata ana yanke kashi 14.6 cikin ɗari na albashi don inshorar lafiya, ana raba shi tsakanin ma'aikaci da mai ba shi aiki, ban da wani ƙari da kowane asusun inshora yake ɗorawa, kuma har gobe idan na duba takardar albashina sai na yi tsaki. Amma cikin wannan kuɗin ne 'ya'yana suke, ba tare da an ƙara mini ko sisi saboda su ba. Tsarin ya samo asali tun 1883 a zamanin Bismak, shugaban gwamnatin Jamus na wancan lokaci, sannan tun 1971 kowane ɗalibi a Jamus yana da inshorar haɗari ta musamman wadda hukuma ke biya, wadda take bin sa har balaguron makaranta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa ba a Jamus aka yi mata wannan hidima ba. Jamhuriyar Cak ƙasa ce da ta fita daga mulkin kwaminisanci a 1989, ba ta da arzikin man fetur irin namu, amma ta karɓi 'yar Bahaushe da ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshensu, ta ɗora mata hannu, ta bar maganar kuɗi tsakanin ofisoshi biyu da za su daidaita daga baya.

Mu ma a Nijeriya ba doka muka rasa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda yake buƙatar kulawar gaggawa, sannan dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Ba sai na faɗa muku abin da yake faruwa idan aka kai yaro da karaya da tsakar dare aljihu babu nauyi ba, kun fi ni sani. Sai dai ban yarda a jibga wa gwamnati laifin duka ba. Mu ne muke ganin ajiye kuɗi saboda ciwo kamar yi wa kai fatan sharri, alhali mutum zai shekara yana adashi saboda lefe da kayan ɗaki da dinar biki. Idan tsautsayi ya faɗa sai a buɗe neman taimako a WhatsApp, a yi ta yaɗa hoton marar lafiya har mutuncinsa ya zube. Haka kuma idan makaranta ta ce za ta kai yara Yankari ko Dam ɗin Tiga, uba zai biya kuɗin mota ya yi addu'a, ba zai tambayi yara nawa za a cusa a motar ba, ko malamai nawa za su raka su, ko asibitin da za a nufa idan wani ya ji ciwo. Addu'a wajibi ce, amma ba ta hana tambaya.

Da hannun a rataye ta ƙarasa tafiyar, domin ta ƙi yarda in je in ɗauko ta, kuma daga nan ne ƙorafe-ƙorafenta suka fara. Na farko abinci. Girkin Cak ya dogara ƙwarai da naman alade, har miyar da ake cewa ta ganye ce sai an tambaya ko da kitsensa aka yi ta. A Biyana ma soyayyen naman nan da birnin ya yi suna da shi, asalinsa na maraƙi ne, amma mai arhar da ake sayar wa ɗalibai yawanci na alade ne. Ita da wata ƙawarta 'yar Turkiyya sun rayu ne a kan burodi da cuku da soyayyen dankali, sai idan sun dace da shagon Baturke ko Balarabe. Ta ce, "Baba, da na san haka ne da na karɓi dambun naman da Mama ta ce in tafi da shi." Na biyu ruwa, domin a gidajen abincin Firag sai ka saya, kuma a wasu wuraren giya ta fi shi arha, sannan idan ba ka yi bayani ba mai gas za a kawo maka. Na uku banɗaki, wanda a tasha da wuraren yawon buɗe ido sai ka jefa tsaba ƙofa take buɗewa, abin da har yau ban saba da shi ba duk daɗewata a Turai. Ga kuma 'yan canji, tunda Cak ba ta amfani da yuro. Wani shago a tsohon gari ya yi wa wasu yara canjin zalunci, sai da malamar ta koma da su da rasit, domin tun 2019 dokar ƙasar ta ba mutum sa'a uku ya fasa cinikin canji a mayar masa da kuɗinsa. Ashe mai cin amanar baƙo yana ko'ina, bambancin kawai a can rasit yana da amfani.

Biyana ta wanke mata rai ta fuskar ruwa. Tun 1873 aka janyo wa birnin ruwan maɓuɓɓuga daga tsaunukan Alfs, aka ƙara layi na biyu a 1910, kuma gangare ne yake kawo shi har cikin gari, saboda haka famfunan sha sun fi dubu a tituna da wuraren shaƙatawa, kowa ya cika gorarsa kyauta. Da ta gaya mini haka sai na tuna 'yan garuwan unguwarmu. A can ne kuma ta sami masallaci babba a kusa da kogin Danub, wanda aka buɗe a 1979, domin Ostiriya ta amince da Musulunci a dokance tun 1912. Amma ranar Lahadi ta nemi shagon da za ta sayi tsaraba ta tarar kusan duka a rufe. A Biratislaba kuwa, sa'a guda kacal daga nan, ba ta ga hasumiya ko ɗaya ba, domin dokar Sulobakiya tun 2017 tana buƙatar mabiya 50,000 kafin a yi wa addini rajista, kuma Musulmin ƙasar ba su kai haka ba. Sallolin ranar sai da ta koma masauki ta rama su.

Da ta dawo gida ne kewar gida ta kama ni sosai. Maƙwabtanmu sun gan ta a matattakala da hannu a siminti, wasu suka gyaɗa kai suka wuce, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya zo dubiya. Da a Kano ne, da tabarma ba ta ishi mata ba, wannan ta kawo kunu, waccan ta kawo farfesun ƙafar sa don ƙashi ya yi saurin haɗewa, kuma da yarinyar ta san tana da dangi. Kakarta ta yi ta kira a waya tana cewa, "Kai dai ka nemo mai ɗori ya duba ta, hannun mace ba abin wasa ba ne," na ce, "Hajiya, ku dai ci gaba da addu'a, an riga an ɗora." Sai kuma takardu, domin Jamus ba ta gajiya da su: fom na makaranta, fom na inshorar haɗari, wasiƙa ta gidan waya tana tambayar abin da aka riga aka amsa a wasiƙar baya.

Bayan 'yan makonni malamar ta aiko wa iyaye lissafin tafiyar, kuɗin jirgi da na masauki da na shiga gidajen tarihi, kowanne da rasit ɗinsa, har da 'yar takardar nan ta korona 90, sannan ta mayar wa kowa rarar da ta rage a asusunsa na banki. A daidai lokacin ne ƙanena ya kira daga gida yana neman in taimaka da kuɗin balaguron da makarantar ɗansa za ta yi. Na tambaye shi wace mota za su shiga, wa zai raka su, kuma wa zai biya idan yaro ya faɗi ya karye. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai dai zaman Turai ya sa ka tsoro, Allah zai tsare." Na ce amin, na tura kuɗin, na ƙara wani abu a kai da sharaɗin ya riƙe shi a hannunsa har yaron ya dawo, sannan ya karɓo mini lambar wayar malamin da zai tafi da su. Har yanzu lambar nake jira.