Tseren motoci na ƙananan kulob a Ingila: kayan da ake nema da aikin da ake yi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Sakkwato, musamman iyayenmu kanikawa da samarin da Allah ya sa wa son mota. Idan aka ce tseren mota a Ingila, hankalin mutanenmu yakan tafi kan Formula 1 da ake gani a talabijin. Amma akwai wani tseren na masu ƙaramin ƙarfi, wanda ake yi kusan kowace Asabar da Lahadi daga watan Maris zuwa Oktoba ko Nuwamba, a filaye irin su Silverstone da Brands Hatch da Donington Park da Snetterton. Masu yinsa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da kanikawa, kowa da kuɗin aljihunsa. Ƙungiyoyi kamar 750 Motor Club, wadda aka kafa a 1939, da BRSCC da BARC su ne ke shiryawa. Cikin motocin da aka fi gani kuwa akwai tsohuwar Mazda MX-5 da Caterham da Toyota MR2.

Lasisin tuƙi na titi ba ya shigar da kowa wannan fili. Hukumar Motorsport UK ce ke ba da lasisin tsere, bayan mutum ya ci jarrabawar da ake kira ARDS: a rubuce a tambaye shi ma'anar tutoci da dokokin fili, sannan ya tuƙa da malami a gefensa. Ko ya ci, za a manna masa alama a bayan mota, baƙin kuros a kan ruwan ɗorawa, har sai ya kammala tsere 6 an sa masa hannu, don na baya su san sabon hannu ne su ba shi sarari.

Kuɗin shiga na kwana biyu ɗaruruwan fam ne, ban da taya da mai da tirelar ɗauko motar. Abin da za ka samu shi ne gwajin jera motoci, wato gudun da ke nuna inda kowa zai tsaya a layin tashi, na minti 15 ko 20, wanda dole ka yi aƙalla zagaye 3 a cikinsa, sai tsere biyu, kowanne wajen minti 15 zuwa 20. Wato duk wahalar nan a kan tuƙin da bai wuce awa ɗaya ba.

Inda nake so kanikawanmu su tsaya su duba da kyau shi ne wurin binciken mota. Wasu kulob yanzu suna karɓar bayanan kayanka ta intanet kafin ranar, amma masu bincike suna nan, kuma ba a roƙonsu. Hular kwano sai mai tambarin Snell (masu gwajin ingancin hula) ko FIA (hukumar tseren mota ta duniya) a ciki. Rigar tsere sai wadda wuta ba ta saurin ci, mai lambar ingancin FIA 8856. Tun 2016 aka wajabta abin riƙe wuya da ake ɗaurawa da hular, domin a karo mai ƙarfi jiki yana tsayawa cikin bel, kai kuma ya ci gaba da tafiya, nan ne wuya ke karyewa. Shi kansa bel ɗin yana da shekarar da yake mutuwa a ɗinke a jikinsa, shekara 5 a ƙa'idar FIA, ko da a ido sabo ne fil. Za a duba kejin ƙarfen da aka yi wa walda a cikin motar, da tukunyar kashe gobara mai tiyo zuwa injin da wurin direba, da makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya, wanda ake iya ja daga waje idan direba ya suma. Har ƙarar salansa ake aunawa: a tsaya rabin mita daga bakinta, a taka totur zuwa kashi uku cikin huɗu na iyakar juyawar injin, in ta wuce desibel 105 ba za ka fita ba.

A garejojinmu na gida hannu ba shi da matsala. Abin da ya bambanta kayan nan Ingila da namu shi ne kowane abu yana ɗauke da lamba da kwanan wata, kuma akwai mai dubawa.

Ɗauki man birki. A fili, birki shi ne abin da ya fi ba sabon shiga kunya: zagaye biyar ko shida, sai ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Dalili kuwa man ne ya tafasa, ya zama tururi a cikin layi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma man birki yana shan danshin iska, kuma in ya sha ruwa yakan sauko har kusan 155. Shi ya sa masu tsere ke sayen irin su Motul RBF 600 ko Castrol SRF masu jure fiye da 300, su zubar da tsohon, su fitar da iska taya bayan taya, farawa daga mafi nisa da tukunyar man. Kwalbar da aka buɗe ta daɗe ba a ƙara amfani da ita. Ku kwatanta da yadda ake ƙara wa motar haya mai daga kwalbar da ta yi wata da watanni a buɗe, ko ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in man ya ƙare a hanya, ga lodi, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Wannan abu yana cin rayuka a hanyoyinmu, kuma kwalba ɗaya a rufe ba ta kai kuɗin jinyar rana guda ba.

Taya ma haka. Iska tana ƙaruwa idan taya ta ɗauki zafi, sau da yawa da 4 zuwa 6 a geji. Don haka mai MX-5 yakan fara da 24 zuwa 26 tana sanyi, yana neman kusan 30 in ta yi zafi, kuma da ya shigo daga fili abu na farko da za a yi shi ne auna tayoyin huɗu a rubuta a littafi. In iska ta yi yawa, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa, motar ta riƙa zamewa a kwana. A wurin mai faci a gida an saba a ɗura 40 ko 45 ba tare da an duba takardar da ke jikin ƙofar direba ba. Shekarun taya kuma a rubuce suke a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Duk mai sayen tayar Beljiyam ya koyi karanta wannan. Notin taya kuwa ba a hawa kan sifana da ƙafa. Akwai sifana mai ma'auni da ke yin ƙas idan ɗaurin ya kai, kuma ana sake bi kafin kowace fita.

Fetur iri biyu ne a gidan mai: na gama-gari mai lamba 95, wanda tun Satumban 2021 ake haɗa shi da etanol har kashi 10, da mai tsada 97 zuwa 99 da masu tsere suka fi so. Lita ɗaya tana da nauyin kusan giram 750, saboda haka ba a cika tanki. Amma in ka yi rowa, a doguwar kwana man zai gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska, injin ya yi tari. Bayan tsere kuma ana iya ɗora motar a sikeli, in ta gaza nauyin da doka ta yanka an soke sakamakonka.

Ta fuskar hidima, abin da ya fi burge ni shi ne masu tuta. Mutane ne 'yan sa-kai cikin tufafi ruwan lemo, ba a biyansu albashi, suna tsaye a kowace kwana cikin ruwa da sanyi. Tuta ruwan ɗorawa: haɗari a gaba, rage gudu, ba wucewa. Shuɗiya: mai gudu yana bayanka. Baƙa mai da'ira ruwan lemo: motarka ta samu matsala, shigo. Ja: an tsayar da tsere. Akwai likita da motar asibiti da motar ceto mai almakashin yanka ƙarfe, kuma in babu su a wurin ba a sakin mota ko ɗaya. Kowa gefe guda yake tafiya, a bakin kwana akwai tsakuwa mai riƙe mota da bangon tayoyi, 'yan kallo suna bayan shinge. Samarinmu masu wasan mota a ranar biki, a tsakiyar titi cikin yara da 'yan kabu-kabu, don Allah ku duba wannan bambanci. Ƙwarewar hannu ba ta tsayar da motar da taya ta fashe mata a cikin taro.

Sai dai ba komai ne ya fi na gida ba. Inshorar mota ta yau da kullum ba ta aiki a fili, kuma wanda ya buge ka ba ya biyanka ko sisi. Kowa ya ɗauki asararsa. Kuɗin aikin bakanike da awa ake lissafa shi, da tsadar da ta sa yawancin masu tseren kulob su ne kanikawan kansu, suna kwance ƙarƙashin mota a kan siminti mai sanyi. Gefen motar da ya lotse, wanda fanel-bita a Sakkwato zai buga ya dawo kamar ba a taɓa ba kafin La'asar, a nan Ingila cirewa ake yi a jefar. Gyaran dinamo ko kik da masu waya suke yi mana a gida, a nan da wuya ka samu mai yi, sabo za a ce ka saya. Abin da suka fi mu shi ne samun kaya: ka ba da lambar mota a intanet, gobe ainihin abin ya iso ƙofarka. Motocinsu kuma suna cin tsatsa ta ƙasa saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu, abin da motar da ta zauna a busasshiyar iskarmu ba ta sani ba. Ga shi sitiyarinsu a dama yake, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka motar Ingila ba ta aikowa ba ce.

In za a yi wa ɗan uwa da ke nan Ingila saƙo, a ce ya aiko da gejin iska mai kyau, da sifana mai ma'auni, da ɗan abin gwada ruwa a man birki, dukkansu suna shiga jaka. Amma hular kwano da bel na hannu da ake sayarwa da araha a intanet, a bar su: yawanci ko dai wa'adinsu ya ƙare, ko kuma sun taɓa shan karo, kuma tsagewar cikin hula ba a ganinta daga waje.