Basun ƙirar Fox Renard 51: abin da na gani a hannun 'yata

A yawancin makarantun gwamnati na nan Amurka, a aji biyar ko shida ake fara koya wa yara kayan busa. Malamar kiɗa takan jera kayan, kowane yaro ya gwada ya zaɓa. Sarewa da kilarinet da saksofon su ake wawaso. 'Yata mai shekara 11 ita kaɗai ta ɗaga hannu a kan basun, malamar kuwa ta yi murna sosai, domin masu busa shi ba su da yawa kuma kowace ƙungiyar makaɗa tana nemansu.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, basun dogon abin busa ne da tsayinsa ya kai kusan mita 1.3, amma bututun da ke cikinsa ya haura mita 2.5, an naɗe shi gida biyu ne. Gaɓoɓi huɗu ake haɗawa, sai wani siririn bututun ƙarfe mai lanƙwasa da suke kira bokal, a bakinsa ake soka karan busa. Karan nan ɓari biyu ne da aka ɗaure wuri guda, iska na bi ta tsakaninsu suna kaɗawa. Da kakanta ya gan shi a kiran bidiyo daga Zariya, cewa ya yi, “Jikalle, ai wannan ɗan'uwan algaita ne.” Kuma ya yi gaskiya, yadda sautin yake fitowa daga kara iri ɗaya ne, sai dai algaita tana ƙara a sama, shi kuwa muryarsa a ƙasa take, mai kauri da taushi.

Wanda makaranta ta fara ba ta aro na manya ne, kuma ya fi ƙarfin hannunta. Akwai ramin da yatsa na uku na hannun hagu yake toshewa, yana nesa da sauran. In ta miƙa yatsan ya kai, na biyun sai ya zame, iska ta tsere, sauti ya fashe. Ta kan tashi daga atisaye wuyan hannunta yana ciwo. Na ga yarinyar da ta shigo da ɗoki ta fara neman dalilin barin akwatin a rufe, abin ya dame ni ƙwarai.

Malaminta na ranar Asabar shi ya ce mu nemi Renard 51. Kamfanin Fox ne ke ƙera shi a garin South Whitley na jihar Indiana. Hugo Fox, wanda ya yi shekaru yana jagorantar masu busa basun a ƙungiyar makaɗa ta Chicago, shi ya kafa kamfanin a 1949 bayan ya ajiye aiki. Wannan ƙirar an yi ta ne musamman don masu ƙananan hannu. Ramin nan mai nisa an rufe shi da maɓalli mai faɗi, an kawo wurin dannawa kusa, yadda yaro ba sai ya toshe rami da tsokar yatsa ba. Wannan ɗan gyaran shi ne ya sauya mana komai. A zama na farko ta sauka har muryoyin ƙasa ba tare da sautin ya fashe ba, ta kalle ni ta ce, “Mama, kin ji?” Na ji kuwa.

Tsayinsa da tsarin yatsunsa duk irin na basun ɗin manya ne, tsarin Jamus da ake dangantawa da gidan Heckel masu ƙera basun, wanda shi ake amfani da shi a kusan ko'ina. Saboda haka abin da take koya yanzu ba za a sake mata shi ba in ta girma. Wannan ya fi komai kwantar mini da hankali, domin aikin yatsun ba ƙarami ba ne. Babban yatsan hagu kaɗai yana kula da maɓallai kusan tara.

Jikinsa ba icce ba ne, roba ce mai ƙwari da ake kira polypropylene. Da farko na so a ce na icce muka samu, don na manyan makaɗa da iccen maple ake yin su, kuma duk mai kunne zai ji sautin icce ya fi zurfi. Amma tururin baki yana taruwa a gaɓar ƙasa inda bututun ya lanƙwashe, kuma icce yakan ruɓe in yaro bai goge shi kullum ba. Ga sanyin hunturu, ga zafin na'urar ɗumama ɗaki, ga jijjigar motar makaranta. Roba ba ruwanta da wannan duka. Ga yaro mai koyo, ni dai na zaɓi robar.

Abin da ba a gaya wa iyaye da wuri shi ne batun kara. Rabin sautin basun daga karan yake. Da wani gora mai suna Arundo donax ake yin sa, wanda ake nomawa da yawa a kudancin Faransa, kuma sai an jiƙa shi a ruwa na 'yan mintoci kafin a busa. Wani shago a intanet ya aiko mana da masu arha guda biyar, uku ba su yi sauti mai kyau ba sam, ɗaya ya tsage a makon farko. Yanzu wajen malaminta muke saye, shi yake ɗaure su da hannunsa, ya kankare bakin daidai ƙarfin numfashinta. Kowane ɗaya yana cin dala 15 zuwa 25, kuma 'yan makonni yake yi. Duk mai shirin sa ɗansa a wannan hanya ya sa kuɗin kara a lissafin wata.

Nauyi yana nan, ya haura kilo uku ba tare da akwati ba. Da ɗamarar kujera take busawa, a zauna a kanta a rataya gindin basun ɗin a ƙugiya, wuya da kafaɗa su huta. Bokal kuwa a riƙa kama shi daga wajen lanƙwasar in za a soka, don yana lotsewa da sauƙi kuma sabo yana da tsada.

Kuɗin sabon Renard 51 dubban daloli ne, shi ya sa haya muke yi wata-wata. Shawarar da zan ba iyaye ke nan, tunda cikin shekara uku ko huɗu hannun yaro zai isa na manya. Kafin ku biya ko sisi ku tambayi makaranta, wasu suna da irinsa a ajiye suna ba da aro. In kuma na hannu za ku saya, ku tafi da malamin ya busa kowace murya ya duba ko maɓallan suna rufewa da kyau.