Portobello: Na Kasko da Na Bakin Teku

A ɗakin girki a Amurka, idan aka ce Portobello, naman kaza ake nufi, wato tsiron nan mai kama da lema, babban nan mai ruwan ƙasa da ya kai faɗin tafin hannu. Jinsinsu ɗaya da ɗan farin da ake sayarwa a kanti, sai dai shi an bar shi ya ƙosa har lemarsa ta buɗe. Gasa shi ake yi a madadin nama. Sunan ma sai a shekarun 1980 ya bazu.

Ni dai na bakin tekun ya fi jan hankalina. Portobelo tashar jiragen ruwa ce a Panama, wadda aka ce Kolumbus ne ya raɗa mata suna a 1502, wato "kyakkyawar tasha". Ta nan Sifaniyawa suke loda azurfar Peru zuwa gida, shi ya sa ta tsone wa kowa ido. Ɗan fashin teku Henry Morgan ya wawashe ta a 1668, Edward Vernon na Ingila ya ci ta da yaƙi a 1739. Daga wannan nasara titin Portobello na Landan ya samo sunansa. Har yau tsoffin igwa suna nan jere a kan ganuwarta, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka kuma suna zaune a garin.